Filet a Katsina, Falato a Maraɗi

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Wadda ta shigo yi mani sannu da zuwa sai ta gyara zama, "Inna Dije, wai da gaske ke kika shiga kasuwar 'yan ƙarafa?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura labarin ya fara canza kama, don jiya na ji an ce wai ni ce na kwanta ƙarƙashin mota da sifana a hannu. Ƙarya ne. Shi ya sa na kira Malama Hadiza, maƙwabciyata nan Ƙofar Kwaya, na ce ta ɗauko biro, tunda ni ban yi boko ba. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta gyara mani.

Rabi ce ta kai ni, autata. Tana aure a wani ƙauye arewa da Maraɗi, can cikin rairayi. Cikin fari ne, ya tsufa, mijin kuma ya tafi ci-rani. Sai saƙo ya zo cewa ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Na ce to goyon ciki ya wajaba, a gabana za ta haihu, kusa da asibiti.

Wanda zai kai ni shi ne Lawal, ɗan yayana, magidanci mai iyali. Yana da tsohuwar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, irin wadda tayoyinta huɗu duk suna ja, da ita yake kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye. Ana gobe tafiya ya ce zai kai ta gareji a Kambarawa, wai kuloci yana ɗan zamewa. Na ɗauki mayafina na bi shi. Ya ce, "Gwaggo, gareji fa ba wurin mata ba ne." Na ce ɗiyata za a ɗauko a cikinta, ba buhu ba.

Aka ba ni benci na zauna ina kallo. Abin da na fahimta a ranar, kuloci shi ne ke haɗa ƙarfin inji da taya, shi ne kuma ke raba su in za a canza giya. Abu uku ne a ciki. Akwai wani zagayayye mara kauri kamar faifai, da fata a fuskokinsa biyu da 'yan sifirin a tsakiya, shi suke kira filet. Akwai wani ƙarfe mai nauyi kamar murfin tukunya da ke danne shi. Sai wani ɗan zoben ƙarfe mai juyawa, boris. Bakaniken, dattijo ne, ya ce, "Lawal, ukun nan tare ake canza su. Mai dannewar nan ya saki, in ka sa mashi sabon filet cinye shi zai yi."

Lawal ya ce, "Haba Malam, filet ne kawai ya gaji. Sauran da ransu."

Ya fita ya dawo da sabo dal a kwali, da hoton kan ɓauna a jiki, yana sheƙi. Bakaniken ya juya shi, ya taɓe baki, ya ce da ɗan Beljiyam ya samo, wato wanda aka ciro daga motar waje, da ya fi mashi. Lawal ya ce shi ba ya sa tsohon abu a motarsa. Na dube shi, na dubi motar da ƙofarta ɗaya da waya ake ɗaure ta. Ban san kan abin ba a lokacin.

Da hantsi muka kama hanyar Jibiya. Kun san halin hanyar nan a 'yan shekarun nan, da rana tsaka ake binta, kuma ba a hira. Carbina na ja har Magama. A bakin iyaka kuwa ba a wahalar da mu ba. Namu suka duba takardun mota, muka wuce Ɗan Isa, inda wani jandarma dogo ya karɓi katina ya juya shi gaba da baya. Ina jira ya yi mani Faransanci, sai ya ce, "Inna, an zo lahiya? Ina aka nuhwa?" Wallahi bakin kakata ne sak. Na ce ɗiyata zan ɗauko. Ya ce Allah shi raba lahiya, ya sa aka ɗaga sanda.

A nan na fara jin abin da ban so ba. Lawal ya taka, injin ya yi kuka, motar ta ɗan yi jinkiri kafin ta bi shi. Na ce, "Mi ke nan?"

"Sabon filet ne, Gwaggo, bai zauna ba tukuna."

A Maraɗi muka kwana, gidan ƙanwar uwar mijin Rabi, wadda kowa ke kira Tanti Ramatu, har tsofaffi. Mutanen kirki ne, sai dai al'amuransu sai da haƙuri. Aka kawo burodi dogo kamar muciya, mai taurin baya, na sa haƙori na ji kamar zan bar shi a ciki. Dambun zogalensu kam na yaba. Bayan abinci maigidan ya kafa ɗan buta a kan gawayi yana ta tsiyaya shayi daga sama, ana miƙa mani a ɗan kofin da bai kai tandun kwalli ba, ɗaci kamar maganin shawara. Na shanye don ladabi, sai ga na biyu. Ashe sau uku ake yi, kuma tashi kafin na uku rashin ta-ido ne. Na tambayi lokacin la'asar a garin, aka ce mani ƙarfe goma sha shida. Na ce mu agogonmu a sha biyu yake tsayawa. Asibiti kuwa likita suke ce mashi, ginin kansa, ba mutumin ba. A titi na ga mace da hijabinta har ƙasa tana tuƙa babur da kanta, ba wanda ya ko waiga.

Washegari muka bar kwalta muka shiga rairayi. Babu hanya, sai sawun tayoyi da ke rabuwa suna haɗuwa. Da zuwa motar ba ta da kaya, ta yi ta lilo dai amma ta kai mu.

Da na ga Rabi na san saƙon bai faɗi duka ba. Ba ƙafa kaɗai ba ce. Fuskarta ta cika, zobenta ya nutse cikin yatsa. Ta durƙusa za ta gaishe ni ta kasa tashi. Surukarta ta ce ai haka cikin fari yake, sun ba ta jiƙo. Ban yi gardama a gidan mutane ba. Na ce da asuba za mu tafi.

Da asubar na fito na tarar da bayan mota shaƙe da buhunan wake. Lawal ya kawar da kai. "Gwaggo, ba a komawa da mota wayam."

Muka kwantar da Rabi a kujerar baya, kanta a cinyata. Rana ta ɗan ɗaga muka iso wani kwari mai laushin rairayi, da tudu a gabansa. Motar ta fara nutsewa. Ina kallon ƙafar Lawal ta tsakanin kujeru, ta hagu, ya ɗora ta a kan kuloci rabi da rabi, bai taka ba bai saki ba, ta dama kuma tana ba da wuta. Injin yana ihu, mu muna nan. Sai wari ya shigo, kamar ana babbakar fata da roba a wuri ɗaya. Ya sa giya, ya saki ƙafa gaba ɗaya, motar ko motsi.

Ya kashe inji. Shiru ya sauko, ba ka jin komai sai ƙarfe yana ƙas-ƙas don zafi.

A cikin shirun nan Rabi ta ce, "Inna, kaina kamar zai tsage. Kuma wasu taurari nake gani suna yawo."

Na taɓa jin maganar nan a bakin ƙanwata, tana da tsohon ciki, shekaru da yawa da suka wuce. Kafin dare ta fara jijjiga. Ba ta ga gari ya waye ba.

Waya babu sabis. Akwai wata 'yar ruga kusa, mazan suka fito, wata mata ta shimfiɗa wa Rabi tabarma ƙarƙashin aduwa. Amalanken jaki aka ce akwai, amma zai kai dare bai isa Maraɗi ba, cikin wannan rana. Babur kuma guda ne a rugar, mai shi ya ce a rairayin nan ko shi kaɗai yakan faɗi, ba zai ɗauki mai ciki ba. Lawal ya ce sai an sauke giyabos, wato akwatin giya, kafin a kai ga kuloci, aikin rabin wuni ne, kuma shi kaɗai ya iya. In ya tafi kasuwa ba mai saukewa, in ya tsaya ba mai sayowa.

Na ce ni zan je.

Ya buɗe baki, na ce ya rufe. "Faɗa mani sunan abin kawai."

"Filet. Filet ɗin kuloci, Gwaggo. Ki ce na a-kori-kura mai dizal."

Ban taɓa yin abu mai wuya kamar zare cinyata daga ƙarƙashin kan yarinyar nan ba. Na ce wa matar rugar kada ta ba ta kanwa, kada ta bar ta ta kwanta rigingine. Na hau bayan babur, ni da ko a Katsina ba na hawa acaɓa. Mun faɗi a hanya, na kakkaɓe zanena na koma. Ina ta nanata kalmar a bakina kamar karatu, filet, filet, kada ta zube.

Mai babur ya sauke ni a layin 'yan ƙarafa, ya nuna mani rumfar wani mutum mai furfura a gemu, Malam Isufu. Na tsaya a kansa na ce, "Filet ɗin kuloci nake so, na a-kori-kura mai dizal."

Ya ɗago. "Kuloci? Hajiya daga Najeriya aka hito ke nan. Ambireyaj kike nuhi." Ban je Makka ba, amma ba ni da lokacin gyara mashi. "Filet... falato dai ko?"

Na ji sun yi kama, na ce shi ne. Ya shiga ciki ya fito ya dire mani abu a gabana, tim. Ya fara naɗe shi a takardar siminti. Mai babur har ya tayar da inji.

Sai na ce ya dakata. Na kai hannu na ɗaga. Nauyi. Wannan ai murfin tukunyar nan ne, wanda Lawal ya ƙi canzawa.

"Ba shi ba ne."

"Hajiya, falato kika ce, falato na ba ki. Duk garin nan ki tambaya."

"Filet na ce."

"To ai shi ke nan, bakinku ne na Ingilishi ke lanƙwasa shi."

Maƙwabtansa suka taso, kowa na ce mani shi ne, shi ne. Maza sun kai shida a kaina, ni kaɗai, ban san karatu ba, ban san mota ba. Raina ya fara ce mani, Dije, su ne masu sana'a, ɗauki ki tafi, rana tana yi. Da na ɗauka, da na isa wurin Lawal da abin da ba shi ya ƙone ba, kuma da ba sauran lokacin dawowa.

Wata mai tallan fura tana wucewa. Na kira ta, na cire faifan da ta rufe ƙwaryarta, na ɗaga masu. Na ce kamar wannan yake, da fata nan da nan, da sifirin a tsakiya.

Malam Isufu ya tafa hannu. "Diski! Hajiya, diski kike so! Mu nan falato shi ne mai dannewa."

Ashe suna ɗaya ne kusan, amma da ka ƙetare Ɗan Isa sai ya koma kan ɗayan ƙarfen.

Ya fito da iri uku ya jera a kan buhu. Na farko a kwali, da kan ɓaunar nan. Na ture shi da ƙafa, na ce irinsa ne ya kwantar da mu a daji. Bai ji haushi ba. Ya ciro shi ya kankari fatar da wuƙa, ta zubo kamar garin gawayi. Ya girgiza shi, sifirin suna kacau-kacau. Ya ce na cikin gari ne, mai ɗaukar yara makaranta, ba na rairayi ba.

Na biyu tsoho ne, ba sheƙi, okaziyo suke kiransa, wato ɗan Beljiyam ɗinmu. Ya nuna mani fatar, da sauran kaurinta sosai, ƙusoshin da suka riƙe ta suna can ciki ba su fito ba. Na kai shi kunne na girgiza, shiru.

Na ukun ban taɓa ganin irinsa ba. Ba zagayayye ba ne, yatsu gare shi kamar tafin agwagwa, da wasu 'yan duwatsu masu ruwan jan ƙarfe a bakin kowane. Ya ce wannan ba ya ƙonewa, ko wane rairayi ne, ko wane kaya. Zuciyata ta tafi kansa nan take. Na ce shi za a ba ni.

"Sai dai ba ya lallashi, Hajiya. In direba ya saki ƙahwa, cabkewa yake lokaci guda, mota ta yi tsalle. Kuma yana cin ƙarhen inji. Mi aka ɗauko a motar?"

Na ce mace mai ciki, ta kumbura, tana ganin taurari.

Ya dube ni, na dube shi. Ga wanda ba zai ƙone ba amma zai yi ta fizgar yarinyar a kowane rami. Ga mai taushi, amma tsoho ne, kuma in ya mutu a tudun nan shi ke nan. Na ce, "Kai wanne kake sa wa taka motar?"

"Ni babur gare ni."

Na sake ɗaukar okaziyon, na danna fatar da farce, ba ta shiga ba. Na yi bisimilla na ce shi.

Sai ya turo mani falaton nan kuma, da ɗan boris a kai. Ya ce tare za su tafi. Na ce mashi, wato don ka riga ka fito da shi dole sai ka sayar? Ya ce, "In kika sa diski mai kyau ƙarƙashin falaton da ya saki, kahin ku hau tudu ya ƙone." Na tsaya. Maganar dattijon Kambarawa ce, kusan kalma da kalma. Mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya a Katsina ɗaya a Maraɗi, ba za su haɗa baki a kaina ba. Na ce a haɗa.

Ya tambaye ni haƙora nawa ne a ramin tsakiyar namu, don motocin iri biyu ne, in haƙoran ba su yi daidai ba ba zai shiga ba. Na ce ban sani ba. Ya shafa gemu. Ya shiga ya ɗauko wani okaziyon mai ramin daban, ya ɗaure duka a bayan babur ɗinsa, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba mashi rumfa.

Bayan azahar muka isa. Tun daga nesa idona yana kan aduwar. Rabi tana kwance ta gefe, matar rugar tana mata fifita. Na kira ta, ta amsa, amma a hankali, kuma ta ce ba ta ganina sosai.

Lawal ya sauke giyabos, sun tona rami ƙarƙashin motar, shi da mazan rugar, duk ya yi baƙi. Filet ɗin ɓauna yana gefe, fatar ta zama toka. Malam Isufu ya gwada okaziyon farko, ya ƙi shiga. Ya gwada na biyu, ya zura sumul. Ya goge fuskar ƙarfen injin da takarda mai kaushi inda zafi ya yi mata shuɗi, suka ɗaura ukun, maza suka ɗaga giyabos da kafaɗa.

Suna ɗaurewa na sa aka sauke waken, buhu bayan buhu. Lawal ya leƙo daga ƙarƙashi. "Gwaggo, ko rabi..."

"Ko tiya ɗaya."

La'asar ta yi sanyi kafin su gama. Malam Isufu ya rage wa tayoyin iska har suka baje, ya ce wa Lawal ya sa ƙaramin giyan nan na gefe, mai ƙara wa mota ƙarfin ja, tun daga ƙasa, ya saki kuloci sau ɗaya, ya ɗauke ƙafarsa gaba ɗaya ya ajiye ta a ƙasa, ko mi zai faru. Muka ɗauko Rabi. Wannan karon matar rugar ce ta riƙe kan Rabi, ni na zauna gaba.

Lawal ya tayar. Ya saki. Motar ta ɗauka a hankali, ba tsalle, ta fara rarrafe. Tsakiyar tudun ta yi nauyi, injin ya canza murya, na ga gwiwar Lawal ta hagu tana tashi da kanta za ta koma kan kuloci. Na dafe ta da hannu biyu na danna ƙasa.

"Gwaggo, mota za ta mutu!"

"Ba da wuta!"

Motar ta yi gurnani, ta karkace, rairayi na tashi ta tagogi. Ina shaƙar iska ina neman warin nan. Babu. Sai na ga sararin sama ta gilashi, gaban motar ya sunkuya, mun sauka ɗaya gefen.

Ana kiran magariba muka shiga likitar Maraɗi, Malam Isufu a gaba da babur yana buɗe mana hanya. Wata ungozoma ta ɗaura wa Rabi abin awo a hannu, ta duba, ta ƙwala wa wasu kira. Aka tura ta ciki da gudu. Na bi, aka rufe ƙofa a fuskata. Zancen kai ta Katsina kam ya wuce.

Na zauna a dakali. Lawal ya tafi neman ruwa. Sai na ga Malam Isufu bai tafi ba, yana tsugune jikin bango, hannuwansa baƙi har gwiwa, rigarsa ta lalace. A nan ne na tuna tun da na tsaya a kan mutumin nan ko sallama ban yi mashi ba.

Na gyara mayafina na ce, "Malam, ina wuni."

Ya dube ni, ya gyara tsugunno. "Lahiya lau, Hajiya."

"Ina gajiya."

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya kasuwa?"

Yana amsawa, ina ƙara wata, don in na tsaya kuka zan yi, kuma ban saba yi a gaban maza ba. Na gaishe shi da iyayensa, da yaransa, da zafin rana, da hanya. Gaisuwa ta ƙare mani na koma farko. Ba mu ƙirga ko sau nawa ba. Ina cikin tambayarsa ruwan bana aka buɗe ƙofa, ungozomar ta leƙo, abin rufe baki a haɓarta.

"Ina uwar Rabi? An yi mata aiki. Ɗiya mace, ƙarama ce amma tana kuka. Uwar ta buɗe ido, ke take nema."

Malam Isufu ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Hajiya. Shiga."